Tambayoyin Masu Karatu: Yawon Ganin Ƙasa da Iyali a Motar Karafan

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, galibinsu daga Jidda, Makka da Madina, sun karkata ne ga batu guda, wato tafiya da iyali a cikin irin motar nan mai ɗauke da gadaje, kicin da banɗaki, wadda mutanen ƙasar nan ta Saudiyya ke kira karafan. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin domin fili ya wadatar.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Jidda, an ba ni hutun mako guda a wurin aiki. Ina son in yi hayar karafan in ɗauki mai ɗakina da yara da mahaifiyata mu ga Al'ula da Tabuka, sa'an nan mu gangara Abha da Najran. Shin hakan zai yiwu, kuma me ya kamata in duba kafin in karɓi motar?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, musamman da ka tuna da Hajiya. Sai dai abin da ka lissafa tafiya biyu ce, ba ɗaya ba. Al'ula da Tabuka suna arewa, Abha da Najran suna kudu, kuma idan ka haɗa zuwa da dawowa nisan ya haura kilomita 3,000. Wanda ya cusa wannan cikin mako guda zai ƙare hutunsa a bayan sitiyari, yara kuwa ba za su tuna komai ba sai gidajen mai. Amfanin karafan shi ne ya ba ka damar kwana kusa da wurin da ka je gani, ka wayi gari a can kafin rana ta yi zafi, ka dafa abincin da iyalinka suka saba da shi, kuma tsohuwa ta samu inda za ta miƙe ƙafa idan an tsaya. Ba a yi shi domin gudu ba, kuma ba ya yafe wa mai gaggawa.

Lokacin shekara ne zai zaɓar maka hanya. Daga Nuwamba zuwa Maris arewa ta fi daɗi, domin rana ba ta da zafi, dare kuma yana da sanyi sosai har sai an nemi bargo. Idan hutun ya faɗo cikin tsananin zafi, daga Yuni zuwa Satumba, to ka bar arewa ka hau duwatsun kudu, kamar yadda zan yi bayani a amsar wani ɗan'uwa a ƙasa.

Idan arewa ce, shawarata ita ce ku bi hanyar gaɓar teku ta Rabig ku ratsa Badar, inda aka gwabza yaƙi ranar 17 ga Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira. Maƙabartar shahidan yaƙin tana nan, haka ma masallacin Arish da aka gina a gurbin rumfar da aka kafa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yaron da ya tsaya a wannan kwari ya ga yadda tudun rairayi da duwatsu suka kewaye shi, zai fahimci darasin sira fiye da yadda allo zai fahimtar da shi. Daga nan zuwa Madina kusan kilomita 150 ne. Bayan ziyara sai ku nufi Haibara, wadda aka buɗe a shekara ta 7 bayan Hijira, ku ga kufan ganuwoyinta a kan baƙin dutse da gonakin dabino a ƙarƙashinsu. Baƙin dutsen nan da ya shimfiɗu ko'ina narkakken dutse ne da ya fito daga ƙasa ya daskare, kuma ba tsohon labari ne ƙwarai ba, domin a shekarar 654 bayan Hijira, daidai da 1256, wuta ta ɓarke a gabashin Madina, malaman tarihi na lokacin suka rubuta labarinta.

Daga Madina zuwa Al'ula ya ɗan haura kilomita 300. Ku ba wa wannan gari mafi yawan kwanakinku, domin abin gani a cikinsa ya fi ƙarfin yini ɗaya: akwai tsohon gari mai gidajen ƙasa manne da juna wanda mutane suka zauna a ciki har zuwa shekarun 1980, akwai kufan Dadan da kaburburan da aka sassaƙa wa siffar zakuna, akwai dutsen Ikma mai ɗaruruwan rubuce-rubucen mutanen dā, ga kuma dutsen da iska da rairayi suka sassaƙe har ya yi kama da giwa. Tabuka ku ajiye ta sai wani hutun, a haɗa ta da kwarin Disa da garin Bada'a na ƙasar Madyana.

Game da motar kuwa, ka tabbata kamfanin ya yi maka tafwid, wato izinin tuƙa motar, da sunanka, kuma lasisinka ya dace da nauyinta. Ka karanta takardar inshora da iyakar kilomitocin da aka ba ka a kowace rana, domin a nan ne kuɗi ke ƙaruwa ba tare da mutum ya lura ba. Ka duba shekarar da aka ƙera tayoyi, wadda ke rubuce a gefensu, saboda tsohuwar taya ko da ba ta suɗe ba tana fashewa a kan kwalta mai zafi. Kada ka bar harabar kamfanin sai an nuna maka yadda ake cika tankin ruwa, yadda ake zubar da na banɗaki, da inda ake rufe tukunyar gas. Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari, domin rumfar gidan mai da ƙofar wurin ajiye motoci ba duka ne za su karɓe ta ba. Abu na ƙarshe, kowa ya zauna a kujera mai bel muddin mota na tafiya. Gadon baya na lokacin tsayawa ne, ko da yaro ya yi kuka, ko da Hajiya ta gaji. Idan ta gaji a tsaya, kuma ba laifi ba ne a kama mata ɗaki a gari dare ɗaya a tsakiyar tafiya domin ta huta yadda ya kamata.

Tambaya: Malam, ni malamar Islamiyya ce a Makka. Maigidana yana son ya kai mu Mada'in Salih, ni kuwa zuciyata ba ta natsu ba, domin na san Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi gargaɗi game da wurin. Yaya za mu yi?

Amsa: Malama, rashin natsuwarki yana da tushe, kuma ina girmama shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa lokacin da Manzon Allah ya ratsa Hijr, wato Mada'in Salih, a kan hanyarsa ta zuwa Tabuka, a shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka, don kada abin da ya same su ya same su, sa'an nan ya rufe kansa ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ya kuma umarce su da su zubar da ruwan da suka ɗebo daga rijiyoyin wurin, su ba raƙuma ƙullin da suka kwaɓa da shi, su sha daga rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha. Alƙur'ani ma ya ambaci mutanen Hijr a surar da ke ɗauke da wannan suna, ya ce suna sassaƙa gidaje daga duwatsu suna masu aminci.

Abin da malamai da dama suka fahimta daga wannan shi ne cewa shiga domin ɗaukar izina, da zuciya mai tsoro, ya halatta, amma mayar da wurin dandalin shagali, ci da sha da kwana, shi ne abin da hadisin ya ƙi. Wasu kuma sun fi son a nisanci wurin gaba ɗaya, kuma wanda ya bi su bai yi asara ba.

Akwai wani bayani na tarihi da ya kamata ki sani, ko da bai kawar da gargaɗin ba. Manyan kaburburan nan da ake nunawa a hotuna, waɗanda adadinsu ya kai 111, mafi yawansu masu ado, masu binciken kayan tarihi sun danganta su ga Nabaɗawa, mutanen da suka gina Batra ta ƙasar Jodan, waɗanda suka yi arziki da fataucin turaren wuta tsakanin Yaman da Sham. An sassaƙa su ne daga ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ƙarni na farko bayanta, wasu ma suna ɗauke da sunan mai kabarin da shekarar sarautar sarkin lokacin, kuma Rumawa sun haɗiye daular a shekara ta 106 Miladiyya. Samudawa, mutanen Annabi Salihu, sun riga su da nisa. Amma ƙasar ita ce dai ƙasar, kuma ita ce Annabi ya ratsa, saboda haka ladabin yana nan. A shekarar 2008 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya.

A aikace, ba a barin mutum ya shiga da motarsa. Ana yankar tikiti ne tun da wuri, a shiga motar hukuma tare da mai bayani, a zagaya a fito cikin 'yan sa'o'i. Wannan ya sauƙaƙa miki al'amari. Ku bar karafan ɗinku a cikin garin Al'ula, wanda ke da tazarar kimanin kilomita 20 kudu da wurin, ku ci abincinku can, ku karanta wa yara ƙissar Annabi Salihu kafin a tashi, ku shiga da natsuwa, ku fito ba tare da jinkiri ba. Idan kuma har zuwa ranar zuciyarki ba ta amince ba, ina roƙon Malam maigida ya yi haƙuri ya bar ki a gari, domin ba a tilasta wa mutum a kan abin da yake gudu saboda Allah, kuma sauran Al'ula ya ishe ku kallo.

Tambaya: Malam, ni direba ne a Madina, na daɗe ina tuƙa ƙaramar mota. Muna son mu gudu wa zafi mu tafi Asir da karafan. An ce hanyoyin dutsen suna da haɗari. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma gara ka ji tun daga nan. Hanyar da ta taso daga Ɗa'if ta bi ta Baha, Baljurashi, Namas da Tanuma zuwa Abha tana tafiya ne a kan ƙirjin duwatsun Sarawat, sama da kilomita 500, kuma ita kanta ba ta da wahala sosai ga mai haƙuri. Haɗarin yana wurin gangarowa daga saman dutse zuwa Tihama, wato filin da ke gefen teku, a kan hanyoyin nan masu lanƙwasa da ake kira aƙaba. Mota mai nauyin tan uku ko fiye, ga ruwa cike da tanki, ga mutane da kaya, idan direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi har man cikinsa ya tafasa, sai ya taka ya ji babu komai. Maganin wannan shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, a bar inji ya riƙe motar, a riƙa taɓa birki kaɗan ana sakewa, kuma da zarar an ji ƙaurin ƙuna a nemi wuri mai faɗi a tsaya har ya huce. A wajen hawa kuma idonka ya kasance a kan ma'aunin zafin inji, ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, idan allurar ta fara ɗagawa.

Tun daga Makka ma, na fi son mai karafan ya hau Ɗa'if ta hanyar Sail maimakon ta Hada, domin ta Sail ta fi sauƙin hawa, ta Hada kuwa akan rufe ta idan hazo ko ruwa ya yi yawa. Hazon duwatsun nan yakan sauko bayan azahar ya rufe hanya har mutum ya kasa ganin motar da ke gabansa, saboda haka ka yi tafiyarka da safe, ka isa masauki da wuri.

Wahalar tana da lada. Ɗa'if tana da gonakin furen wardi da ake tatsar turare daga gare shi. A Baha akwai dajin Ragadan, a ƙarƙashin dutsen kuma ga ƙauyen Zi Ain, gidajen dutse jere a kan farin tsauni, maɓuɓɓugar ruwa na gudana a gindinsa tana shayar da ayaba. Abha tana sama da mita 2,200 daga doron teku, dutsen Sauda da ke kusa da ita kuwa ya kai kimanin mita 3,000, yana cikin gandun shaƙatawa na Asir wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980, na farko irinsa a ƙasar. Can za ka ga itatuwan ar'ar sun lulluɓe dutse, gajimare yana ƙasa da kai, yara su nemi rigar sanyi a watan Agusta. Ana manyan gine-gine a yankin Sauda a 'yan shekarun nan, don haka ka tambayi mutanen Abha wuraren da ke buɗe kafin ka hau.

Rijal Alma'a ya cancanci yini guda. Gidajensa na dutse masu hawa da yawa, da aka ƙawata da farin dutse, shaida ne na arzikin da fatake suka tara a hanyar Yaman zuwa Makka, kuma mutanen garin da kansu ne suka tara kayan kakanninsu suka kafa gidan tarihi. A cikin ɗakuna za ka ga zanen bango mai launuka da ake kira Ƙaɗɗ, aikin mata ne da suke gada daga iyayensu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017. Duk wanda ya san adon ɗakin amarya a ƙasar Hausa ba zai ji baƙunta ba. Sai dai gangarar da ke kaiwa can daga Sauda tana da tsanani ƙwarai. Ka ajiye karafan a Abha, ku ɗauki ƙaramar mota.

Birai kuma, waɗanda ke zama garke-garke a bakin hanya, kada a ba su abinci, kada a bar taga ko ƙofa a buɗe. Ciyar da su ne ya sa suka saba da mutane har suke kutsawa cikin motoci da gonaki, kuma suna cizo.

Tambaya: Malam, tunda muna tafiya da gidanmu ne, shin mu matafiya ne a shari'a? Za mu yi ƙasaru?

Amsa: Na'am Alhaji, ku matafiya ne, domin jin daɗin abin hawa ba ya sauya hukunci. A mazhabar Imam Malik, wadda mafi yawanmu muka taso a kanta, ana ƙasaru idan nisan tafiya ya kai mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai, kuma ana farawa ne bayan an wuce gidajen gari. Idan kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, sai ku cika salla tun daga isowarku. Farilla a tsaya a yi ta a ƙasa ko a cikin motar bayan ta tsaya, ana fuskantar alƙibla; masallatai kuwa ba sa wuya a gidajen man ƙasar nan. Ku kuma tuna da miƙati idan kuna da niyyar Umra a dawowa: mai tasowa daga Madina ya ɗauki harami a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, mai saukowa daga Ɗa'if ya ɗauka a Sailul Kabir, mai zuwa ta gaɓar teku daga kudu kuma a Yalamlam.

Tambaya: Malam, mu matasa ne a Jidda, mun saba fita barr, wato daji, a ƙarshen mako mu gasa tsire. Yanzu muna son mu yi nisa da karafan. A ina ya halatta mu kwana, kuma za mu iya ɗiban itace a daji?

Amsa: Samari, Allah ya yi muku albarka, batun itace ku cire shi daga ranku. Dokar muhalli ta ƙasar nan ta hana sare itatuwan daji da ɗibansu da sayar da su, akwai kuma rundunar tsaron muhalli ta musamman da ke sintiri tana cin tara mai nauyi, har a kan hura wuta a inda ba a tanada ba. Ina goyon bayan wannan doka ba tare da wata tantama ba. Itacen samur da kuke gani tsaye shi kaɗai a fili yana iya shafe shekaru masu yawa kafin ya kai tsayin mutum, saboda ƙarancin ruwa, kuma a inuwarsa barewa ke fakewa. Mu da muka ga yadda hamada ta cinye gonaki a Arewacin Nijeriya da Nijar bayan an sare itatuwa, bai kamata mu zama masu yi wa wata ƙasa haka ba. Ku sayi gawayin da aka shigo da shi daga waje, ku gasa a kan mangal, wato murhun gashi, ku kashe wutar da ruwa, ku kwashe tokar da shararku.

Wurin kwana kuwa, a nemi sansanonin da aka tanada ko wuraren da hukuma ta ba da izini. Manyan gandayen namun daji, irin su Shar'an a Al'ula da Uruƙ Bani Ma'arid a bakin hamadar Rub'ul Hali, inda aka maido da farin mariri bayan ya ƙare a daji, ba a shigarsu sai da izini da ɗan jagora. Duk inda kuka tsaya, kada ku kwana a cikin kwari ko da ƙasarsa a bushe take sarai, domin ruwan da ya zuba a kan dutse mai nisa yana iya isowa cikin dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba. Mutanen Jidda ba su manta da ambaliyar Nuwamban 2009 ba. Kada ku sauka daga kwalta zuwa rairayi da wannan mota, nauyinta zai binne tayoyinta. Ruwan banɗaki ba a zubar da shi a ƙasa, sai a magudanar da aka tanada.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hayaƙi. Janareta a ajiye shi nesa da taga, gawayi kuma kada ya shiga cikin mota don jin ɗumi, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci. Ku guji tuƙin dare a hanyoyin da ba su da shinge, domin raƙumi baƙi ne a cikin duhu. Ku sanar da wani a gida inda za ku kwana, ku riƙe lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar, 997, da ta jami'an kashe gobara da ceto, 998, da ta 'yan sintirin manyan hanyoyi, 996.

Tambaya: Malam, 'ya'yana a Makka aka haife su. Kakana da ƙafa ya zo daga Kano. Ina son tafiyarmu ta nuna musu wani abu na wahalar da mahajjatan dā suka sha. Ina zan kai su?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan kakanki da sauran magabatanmu. Yawancin hanyarsu tana ƙetaren teku: daga Kano zuwa Barno, Wadai, Fashir ta Darfur, Ubayyid, har zuwa Sawakin, suna tafiya suna tsayawa noma ko ƙodago domin su tara guzuri, wasu shekaru da yawa a hanya. Da yawa ba su ƙarasa ba, suka zauna a Sudan, kamar jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Amma ƙarshen hanyar yana kusa da ke. Ki fara da tsohon garin Jidda, Balad, inda jiragen ruwa ke sauke su. Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen Makka a shekara ta 26 bayan Hijira. Ki tsaya da yara a Bab Makka, ki gaya musu cewa daga nan kakanninsu suka taka sauran kilomita 70 da ɗoriya zuwa Ka'aba. Lungunan Balad ƙunci gare su, don haka a bar karafan a waje a shiga da ƙafa bayan la'asar.

A Madina ki kai su tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya. Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya fara shimfiɗa wannan layin dogo daga Dimashƙa a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, ya iso Madina a 1908 bayan kimanin kilomita 1,300, ya mayar da tafiyar da raƙuma ke yi a kusan kwana arba'in ta koma ta 'yan kwanaki. Yaƙin Duniya na Farko ya lalata shi, amma ƙananan tashoshinsa na dutse suna nan a tsaye a hanyar arewa har zuwa Tabuka.

Idan kuna da lokaci da ƙarfi, akwai hanyar Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta kashe dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da gina tafkuna ga alhazan Iraƙi tsakanin Kufa da Makka, tafiyar kusan kilomita 1,400. Kufan Rabaza, inda sahabi Abu Zarr ya rasu, yana gabashin Madina a kan wannan hanya, garin Faid da ke tsakiyarta kuma yana kusa da Ha'il. Wanda ya kai Ha'il ya ƙarasa Jubba, inda mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce suka zana raƙuma da mafarauta a jikin dutse lokacin da wurin yake da tafki. Wannan tafiya ta hunturu ce, kuma sanyin Ha'il da dare ya fi abin da yaran Makka suka sani, saboda haka a tanadi barguna masu kauri, a kuma cika tankin mai da na ruwa a kowane babban gari kafin a ci gaba.